Ranar da Misis Tatum Ta Amsa

A garinmu babu mai kiran kakar Jarvis da sunanta. Misis Tatum ce. Haka Fasto yake cewa, haka mai kawo wasiƙu, haka ɗan sandan nan farin fata da ke tsayuwa a gidan mai, har da taɓa hula. Marigayi mijinta ma Misis Tatum yake ce mata in da mutane. Sunan da uwarta ta raɗa mata Ozella ne. Tun da yayarta ta rasu ba a ƙara jin sa a bakin kowa ba.

Kowa ya san dalili. A zamanin wariyar launin fata ne, tana matashiya, ɗanta Cleon ya kwana jikinsa na ƙuna da zazzaɓi. Da safe ta saɓa shi sai wurin likita. Baƙaƙe ta ƙofar baya suke shiga, su jira a wani lungu kusa da bokitin shara har a gama da farare kaf. Ita ta bi ta gaba. Ta zauna a kujerar farare da yaron a cinya. Aka ce ta tashi, ta ƙi. Aka kira 'yan sanda.

A kotu alƙali ya ce, "Ozella, tashi tsaye." A wancan lokacin farin fata ba ya ce wa baƙar mace Misis, ko da ta yi jika da shi. Sunanta tsirara zai kira, yadda ake kiran yarinya ko kyanwa. Ta yi kamar da bango yake magana. Ya sake kira. Sai ta ce, "Sunana Misis Tatum." Ba ta ƙara ba. Aka rufe ta. Kowace safiya a fito da ita, a ce Ozella, ta yi shiru, a mayar. Gidan da take yi wa wanki suka sallame ta. Mai gidan haya ya watso musu kaya waje. Matan coci suka fara cika kotun da fararen kaya, suna zaune ba sa cewa komai, har 'yan jarida suka zo daga Montgomery. Wata rana alƙalin ya gaji. Ya ce "Misis Tatum" kamar mai tauna tsakuwa. Ta miƙe ta ce, "Na'am."

Ita ta reni Jarvis bayan ubansa, autanta, ya rasu a hatsarin mota. Da ya gama sakandare sai masana'antar kaji, kamar kowa. Yana tsaye cikin sanyi da wuƙa, yana zare ƙashin cinya daga safe har la'asar. Ba ya yawan magana. Zane yake yi, a bayan kwalaye.

Denitra Beasley ce ta zo da maganar littafin. 'Yar garin nan ce, amma a Atlanta take koyar da 'yan firamare. Ta zo taron shekara na coci lokacin zafi, ta ga hoton Misis Tatum da Jarvis ya zana a jikin takardar taron, ta nemo shi har bayan coci inda ake soya tarwaɗa.

"Kai ka yi wannan?"

"Eh."

"Ɗalibaina sun san sunayen manyan 'yan gwagwarmaya uku huɗu, shi ke nan. Ba su san kowane gari yana da irin kakarka ba. Na rubuta labarinta don yara, na kuma sami masu bugawa. Mai zane nake nema, wanda zai rubuta kalmomin ma da hannunsa."

"Ban yi makarantar zane ba."

"Na tambaye ka takarda?"

Sharaɗin masu bugawa ɗaya ne: ya fito kafin Fabrairu, watan da makarantu ke tuna tarihin baƙaƙe. In ya wuce nan, babu mai saye.

Da hotuna ya fara. Yakan dawo daga aiki ya jiƙa hannu a ruwan ɗumi har yatsun su yarda su buɗe, sannan ya ɗauki alƙalami. In ya gama shafi sai ya kai baranda. Nan Misis Tatum take yini a kujerarta mai lilo, tana gaisawa da duk wanda ya wuce. Idonta ya yi yana. Hoto tana gani in ta kai shi kusa da hanci. Rubutu kam ya daɗe da ɓace mata.

Baffa Cleon, wanda yanzu dattijo ne mai tumbi da sanƙo, ba ya rasa zaman nan.

"Wai wannan ni ne?" Ya ɗaga shafin asibiti. "Kai Jarvis, ka ji tsoron Allah. Kai kamar kankana?"

"Haka yake," in ji Misis Tatum. "Har ya rage maka. Ni na haife ka, ni na sani."

"Haba Mama, a gaban yaro? Ni ne fa jarumin labarin nan. Ba don zazzaɓina ba wa zai san ki?"

"Kai dai abin da ka yi, amai ka yi mini a rigar Lahadi."

Ta karɓi shafin kotu. Ta daɗe da shi a fuska.

"Ina safar hannuna?"

"Wace safa, Kaka?"

"Fara. Ta yayata ce, ta taga ta miƙo mini. Ban taɓa shiga kotun nan hannu tsirara ba. Ka sa. Kuma ka ɗaga mini haɓa, ban sunkuya ba."

"To, Kaka."

"Rubutun fa?"

"Bai iso ba tukuna."

A ranar, gaskiya ya faɗa.

Rubutun ya iso da sanyi ya fara shigowa. Ya buɗe shi a waya, a teburin kicin. Layin farko ya ce: "Ozella yarinya ce mai son tambaya." Bai tsaya ba. Ai yarinya ce a nan, ya ce a ransa. Ya ja layi da fensir ya rubuta. Shafi na gaba ta yi aure, tana nan Ozella. Ta haifi Cleon, Ozella. Ya ci gaba, harafi bayan harafi, har ya zo shafin kotu.

"Alƙali ya ce, Ozella, tashi! Amma Ozella ta ƙi."

Ya rubuta. Ya ajiye alƙalami ya duba. Sunan sau biyu a layi guda, ɗaya daga bakin alƙali, ɗaya daga bakin littafin. Duka da hannunsa. Babu abin da ya raba su.

Washegari a hutun cin abinci ya fita wurin ajiye motoci, hular leda na kansa, ya kira Denitra.

"Ba a kiran ta haka."

"Na sani, Jarvis. A garin nan na girma fa. Uwata ta taɓa kwaɗa mini mari don na kira maƙwabciyarmu da sunanta kawai."

"To?"

"Littafin yara ne. Haka ake yin su, ka duba kowanne. Ɗan shekara biyar ba ya abota da Misis. Misis ita ce shugabar makaranta mai kiran uwarsa a waya. So nake su ji kamar ƙawarsu ce, su ji su ma za su iya. Masu bugawa a kan haka suka karɓa, sunan har a bango yake." Ta jira. "Kana ji na?"

"Ina ji."

"Ka tambaye ta. Kai ne jikanta, a bakinka zai fi daɗi. In ta ce a'a, a'a ne, ba zan yi mata haka ba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, in na koma musu da gyara yanzu, Fabrairu ta wuce mu. Ko za su jira baɗi, Allah kaɗai ya sani."

Ƙararrawa ta buga. Ya koma ciki ya ɗauki wuƙarsa.

Da yamma ya sami kakarsa a kicin tana gasa gurasar masara. Daga yadda ya ajiye makulli ta gane yatsun sun ƙage. Ta ce, "Kawo hannun." Ta zaunar da shi, ta lakato man zafi, tana murza masa gaɓoɓin yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kajin nan za su cinye maka hannu," ta ce. "Sun cinye na ubanka tun kafin mota ta ɗauke shi. Littafin nan ne zai fitar da kai. Kullum sai na tuna wa Ubangiji."

"Kaka."

"Na'am."

"Akwai abin da zan tambaye ki."

Wayar bango ta yi ƙara. Ta goge hannu ta ɗauka. Saboda kunnenta muryar wayar a sama take, don haka ya ji komai. Wata yarinya ce daga kantin magani, murya kamar zuma.

"Sannu, da Ozella nake magana?"

"Babu mai wannan suna a gidan nan."

Ta kife. Ta dawo ta zauna, ta kama yatsan da ta tsaya a kai.

"Za ta sake kira. In ta koyi magana sai mu yi. Me za ka tambaye ni?"

Ya dubi hannunsa a cikin nata.

"Safar nan. Har gwiwar hannu take, ko iya wuyan hannu?"

"Iya wuya mana. Ni 'yar rawa ce?"

Ya ci abinci. Ya wanke kwanuka. Ya fita baranda ya rubuta wa Denitra saƙo a waya: "Ta ce ba komai." Amsa ta zo nan take, hotunan zuciya jere. Ya kashe wayar ya sa a aljihu.

Littattafan sun iso ƙarshen Janairu. Kwali ɗaya gida, sauran coci. A bango ga ta nan, haɓa a sama, farar safa iya wuyan hannu. A saman kanta, da manyan baƙi, "Ozella Ta Ƙi."

Ta shafa bangon da tafin hannu, ta sunsuna takardar.

"Karanta mini."

Ya karanta. Duk inda sunan ya zo, ya ce Misis Tatum. Bakinsa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, wannan ne ya fi ba shi tsoro. Ta yi dariya tun a layin farko.

"Tun ina yarinya na zama Misis? To, ba laifi." Da ya gama ta rungume littafin a ƙirji. "Da alƙalin nan yana da rai, da na aika masa ɗaya. Ya zauna ya karanta wa jikokinsa. Kowane shafi ya ce Misis Tatum, har bakinsa ya saba."

Baffa Cleon yana tsaye a bayan Jarvis, da ɗaya buɗe a hannunsa. Bai yi dariya ba. Da ta shiga ciki ya yafito Jarvis zuwa gindin bishiya, wurin motarsa.

"Ta sani?"

Jarvis ya dubi tayar motar.

"Da kai nake, ɗan nema."

"A'a."

"Yesu." Ya shafa sanƙonsa. "Kai da ta goya. Da baƙo ne sai in ce bai sani ba."

"An riga an buga, Baffa."

"Na ga an buga, ina da ido. Lahadi za a zaunar da ita a gaban coci. Ka gaya mata kafin nan."

"Kai ka gaya mata."

"Ni? Ni na riga na sa ta a kurkuku sau ɗaya. Wannan naka ne."

Bai gaya mata ba. Yana da dabara. Ya ɗauka ranar Lahadi shi za a miƙa wa makirufo, tunda shi ne jika. Zai karanta yadda ya karanta a baranda. Manya masu littafi a hannu za su gani, su kame bakinsu don ita. Yara ba sa lura. Watan zai wuce.

Ya manta abu ɗaya, shi da ya girma a cocin nan. A bikin Fabrairu ba babba ne ke karatu ba. Yara ake raba wa, kowa ya haddace nasa, ya fito da sabon takalmi ya faɗa da ƙarfi. Shi ma ya yi, yana ƙarami, da riga mai shaƙe wuya. Ranar Asabar ake gwaji, shi kuwa Asabar yana wurin kaji.

Lahadi coci ya cika. Tsofaffin mata a sahun gaba da fararen kaya da manyan huluna, mafitan kwali na kaiwa da komowa. Aka zaunar da Misis Tatum a babbar kujerar Fasto, tana fuskantar jama'a. Ta sa farar safa da ta tono daga ƙasan akwati. Jarvis yana inda ya saba zama, gefen Baffa Cleon. Da ya ga yara sun jero daga ƙofar gefe, hannuwa a baya, babu littafi a hannun kowa, sai ya tuna.

Denitra ta taho daga Atlanta tun asuba. Ta riƙe makirufo, idonta ya riga ya cika.

"Duk kun san yadda Misis Tatum take da sunanta," ta ce. "Ni kaina sai da na ji tsoro. Amma da jikanta Jarvis ya tambaye ta, ta ce saboda yara, ba komai. Ta yarda su san ta da sunan da uwarta ta raɗa mata. Wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. Mun gode, Misis Tatum."

"Amin," in ji jama'a. "Haka ne."

Misis Tatum ba ta motsa ba. Kanta kawai ya juya, a hankali. Daga can ba ta iya ganin sa. Ta dai san inda yake zama.

Yaro na farko ya matso gaba, ya ja numfashi.

"Ozella yarinya ce mai son tambaya!"

Malamar yara ta koya musu amshi. Duk ƙarshen shafi sai su haɗa baki su buga ƙafa. Aka ce ta bi ta ƙofar baya. "Amma Ozella ta ƙi!" Aka ce ta tashi daga kujerar farare. "Amma Ozella ta ƙi!" Wani ɗan lukuti aka ba alƙali, da baƙar rigar mawaƙa tana jan ƙasa da 'yar guduma ta katako. Ya kumbura kumatu, ya juya ya nuna tsohuwar da yatsa, ita kanta, a kujerarta.

"Ozella, tashi!"

Mutane suka yi dariya, yaron ya iya. A sahun gaba wata tsohuwa, ɗaya daga cikin matan da suka cika kotu a wancan lokacin, ta ajiye maficinta a cinya, ba ta sake ɗauka ba.

Jarvis safar yake kallo. Hannuwan na kan cinya, ɗaya bisa ɗaya, daidai yadda ya zana su. Zai iya miƙewa. Ƙafafunsa lafiya lau. Baffa Cleon bai dube shi ba, gwiwarsa ce kawai ta bugi tasa, da ƙarfi. Bai miƙe ba.

Aka gama. Sai ƙaramar cikinsu, Keyanna, wadda haƙoranta na gaba suka fita, ta taho da furanni sun fi kanta girma. Ta tsaya a gaban kujerar.

"Ozella, ga furenki."

Mai piyano ya janye hannu.

Misis Tatum tana kallon gaba, haɓa a sama. Jarvis ya san fuskar nan. Ya goge ta ya sake zana ta har takarda ta kusa hujewa.

Yarinyar ta waiga ta dubi malamarta. Ta ɗauka tsohuwar ba ta ji ba ne. Ta ƙara murya.

"Ozella?"

Yarinyar ta soma shirin kuka. Uwarta ta ɗan ɗago daga benci, ta rasa ko ta je ko ta zauna.

Sai haɓar ta sauko.

"Na'am, 'yar nan," in ji Misis Tatum. "Kawo. Kin yi ƙoƙari."

Coci ya ɗauki tafi. Piyano ya dawo. Denitra tana share hawaye da bayan hannu. Na baya suka riƙa miƙo hannu suna dafa kafaɗar Jarvis, kai yaro ka yi abin kirki, ubanka da ya ga wannan rana.

A ɗakin taro aka ci kaza da dafaffen ganye da kek ɗin dankali. Aka zaunar da shi yana sa hannu a littattafai. Wani mutum daga Birmingham ya ba shi kati, ya ce yana da wani littafin da ke neman mai zane, ya kira shi cikin mako. Jarvis ya karɓa. A ɗaya gefen yara sun kewaye Misis Tatum. Ozella, kin ji tsoro? Ozella, a kurkuku akwai ɓera? Tana amsa musu.

Baffa Cleon ya ce shi zai tsaya tara kujeru. Jarvis ne ya mayar da ita gida, furannin na cinyarta. Sai da suka yi nisa ta juyo.

"Karanta mini bangon," ta ce. "Yadda yake."

Bai buƙaci littafin ba.

"Ozella ta ƙi."

Bai taɓa faɗin sunan da bakinsa ba sai yau.

"Ƙasa fa?"

"Denitra Beasley ta rubuta. Zane, Jarvis Lemuel Tatum."

"Duka ukun suka sa maka."

"Eh."

"Ya yi kyau."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Kaka, ban tambaye ki ba. Denitra ba ta san komai ba, ni na ce mata..."

"Na sani. Safar hannu ka tambaye ni."

Wata babbar mota ɗauke da kaji ta wuce su, fuka-fukai na tashi a bayanta.

"Me ya sa ba ki ce ƙarya ba ne?"

"In ce jikana maƙaryaci ne a gaban coci? Ranar da aka fara kiran sunansa?" Ta gyara wani fure da ya karkace. "Yarinyar kuma me ta yi? Abin da aka koya mata ta faɗa. Alƙalin nan ya san abin da yake yi. Shi ya sa nasa ya fi sauƙi."

"Zan sa a gyara. In an sake bugawa."

"Yaran sun riga sun haddace."

A gida ta cire safar, ta ninke, ta ce ya zuba wa furannin ruwa. Ta ɗumama masa abinci kamar kullum. Da ta ga yana juya cokali ba ya ci, ta ce ya ci, gobe akwai aiki.

Cikin makon ya dawo da la'asar ya same ta a baranda. Katin mutumin Birmingham na aljihunsa, ya riga ya kira, an ce ya zo. Bai gaya mata ba tukuna. Yana hawa matakala motar makaranta ta tsaya a kwana, yara suka zubo. Wasu daga cikinsu suka hango ta.

"Ozella! Ozella ta ƙi!"

Suna tsalle suna ɗaga mata hannu. Murna ce zalla, babu mugunta ko kaɗan. Ta ɗaga musu hannu. Ta jira har muryarsu ta ɓace a bayan gidaje, sannan ta dafa sanda ta miƙe.

"Jarvis."

"Na'am, Kaka."

"Shigar mini da kujerar nan ciki."

"Rana ba ta faɗi ba tukuna."

"Na ce ka shigar."

Kujerar ta girme shi a wurin nan. Ƙafafunta sun ci katakon baranda, sun bar layi biyu. Ya ɗaga ta, ba ta da nauyi. Ƙofar ce ta yi mata kaɗan, sai da ya karkata ta sannan ta shige.

"A ina zan ajiye?"

"Ko'ina," ta ce. "Nesa da taga."